Ranar da Tsoho Ya Hau Tsamiya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kakana na wajen uba ya rasu ranar Talata da hantsi a gidanshi na Ƙofar Sauri, aka kai shi makwancinshi bayan azahar. Mu jikoki Tsoho muke ce mashi, shi kuma kowa da sunan da ya laƙa mashi. Ni Mai-baki ce, kuma ban ce ya yi mani ƙage ba.

Na zauna a tsakar gida tare da innata da goggonnina muna karɓar gaisuwa, ina kallon yadda mata ke shan wahala. Kowace ta shigo ta durƙusa, ta yi ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri, Allah ya jiƙanshi ya sa ya huta, sai ta tsaya lalube, tana neman abin da za ta ɗora. An saba a ce mamaci mutum ne mai faran-faran da jama'a. To Tsoho dai ba wanda zai rantse ya taɓa ganin haƙoranshi a banza. Wata ta ce, "Allah sarki, mutum ne mai lura." Wata ta ce, "Ba a cutarshi kam." Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, wadda shekaru suka ba damar faɗin abin da ta ga dama, ta gyara goronta a kunci ta ce, "Ku bar kwana-kwana. Ya tafi bai yarda da kowa ba. Ni fatana an bar shi ya duba likkafanin tun da ranshi, in ba haka ba cewa zai yi an rage yadi." Mata suka toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa. Innata ta harare ni don kar in tanka, alhali ita ma ta san gaskiya aka faɗa.

Jikoki maza kuwa suka yi abin da aka saba yi wa kakan da ya tafi da tsufanshi. Ɗaya ya zura tsohuwar rigarshi, ya ɗauki sandarshi, ya shigo yana ɗingishi yana buɗe kwanonin abincin da maƙwabta suka aiko, yana cewa, "Wa ya aiko? Mi shike so?" Aka yi ta dariya har da masu share hawaye. Ni ban yi dariyar kirki ba, kuka kuma ya ƙi zuwa. Har goggona ta ja ni gefe ta ce, "Ke da ya fi ji da ke, ko ɗigo?" Na ce mata ni ma nema nake.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a, aka shigo da labarin wani baƙo. Ya zo a mota mai kyau, ya yi gaisuwa, amma maimakon ya zauna kan tabarma cikin mutane sai ya koma gindin tsamiyar ƙofar gida ya tsaya yana kallon sama. Ba wanda ya san shi. Kafin a gama rabon gumba an riga an yanke mashi sana'a. Wasu sun ce ɗan siyasa ne ya zo neman suna, wasu sun ce dillalin filaye ne ya ji gida zai shiga rabon gado. Na ce a raina, lallai Tsoho ya bar magada, unguwar duka ta gaje shi. Zan dawo kan baƙon nan. Sai dai in fara faɗin wane ne Tsoho, da abin da ya haɗa ni da tsamiyar, don kar a binne shi da "mutum ne mai lura" kawai.

Dillalin hatsi ne a Babbar Kasuwa tun kafin a haifi babana. In aka sauke buhun gero daga ƙauye, ba ruwanshi da na sama. Sai ya naɗe hannun riga, ya tura hannu har kafaɗa, ya damƙo na can ƙasa, ya shinshina, ya tauna. "Ni ba a sayar mani da bakin buhu," haka yake cewa, kuma wannan halin bai tsaya a kasuwa ba, har gida ya biyo shi. In ka tsawaita gaishe shi, ka bi gida da iyali da gajiya da sanyi, sai ya katse ka: "Gaisuwar ga ta yi tsawo, mi ke bayanta?" In rediyo ya ce an ga wata, sai ya fita da kanshi ya ɗaga kai. Lokacin da sojoji suka ce za su miƙa mulki, ya ce sai ya ga sun tuɓe takalman. Da aka rantsar da farar hula, unguwa ta cika da fastoci da kiɗa, babana ya shigo da murna yana ce mashi ƙasa ta canza. Tsoho ya ce, "An dai canza bakin buhu. Mu jira mu taɓa gindin."

Mutum ɗaya na sani wadda bai taɓa bincika ba, ita ce Iya, matarshi, kakata. Iya mace ce mai tsafta da ji da kai, ɗakinta kullum turaren wuta, ƙafarta ba ta rabuwa da lalle. Ana saura kamar shekara a yi wannan canjin mulki ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, harshenta ya yi nauyi. 'Ya'yanta mata suna aure a nesa, su zo su yi kwanaki su koma. Innata ta ɗora ruwa ta shiga za ta yi mata wanka, Iya ta juya fuska ga bango ta yi ta hawaye, ta ƙi cin abinci har dare. Matar ɗanta na fari, wadda ko sunanta ba ta taɓa kamawa ba don kunya, ita ce za ta ga tsiraicinta? Ta gwammace ta ruɓe a kwance.

Sai Tsoho ya daina komawa kasuwa da rana. Kullum in ya dawo sallar azahar ya sa sakata a ƙofar tsakiya, ya ce kowa ya shiga ɗaki. Ya goyo Iya a bayanshi ya kai ta lungun bayan ɗakinta, wurin rariya, inda rana ke sauka. Ya yi mata wanka, ya shafa mata man kaɗanya, ya wanke zannuwan da ta ɓata da hannunshi ya shanya a wata gajeriyar igiya da ba ta kai kan katanga ba. A waje an ɗauka ƙailula yake yi. Ya tara mu sau ɗaya ya ce, "Wanda duk ya fitar da maganar ga ƙofar gida, ban yafe mashi ba." Ba don kanshi ba ne sosai, don ita ne. Ko tsakaninmu ba mu zancen.

To a shekarar da aka yi canjin mulkin ina aji biyar a sakandaren 'yan mata, raina duk yana kan in zama malamar asibiti. A bayan unguwarmu akwai makarantar maza ta jeka-ka-dawo, in an tashi sai su malalo cikin lungunanmu. Ba zan wanke su tas ba, sun yi abin haushi. Ƙwallonsu ta fasa randar masallaci. Suna zubar da ɓawon rake a ƙofar mutane, suna tsugunawa jikin katanga, wasu ana jin warin taba a bakinsu. Liman ya taɓa yi wa wani faɗa kan ihu ana salla, ɗan banzan yaron ya ce mashi, "Malam, yanzu fa dimokuraɗiyya ce." Kai, ranar unguwa ta ɗauki zafi. Dattawa suka yi ta cewa da lokacin soja ne, kurtu ɗaya da bulala ya ishe su.

Amma 'yan birni ne masu wannan, kuma yunwa na kora su gida. Waɗanda ba sa tafiya su ne wasu 'yan ƙauye masu koɗaɗɗun riguna da silifa ɗaure da waya. Su sai su yada zango gindin tsamiyarmu har la'asar, wani lokaci har ta sakaliya. Ba sa ƙwallo, ba sa yawan magana, kuma wannan shirun ya fi ihun damun mutane. Kullum ɗaya daga cikinsu na kan bishiya. Can sai ka ji fito daga sama, duk su suri jakunkuna su zuba a guje su yi wajen ganuwa.

Abin da ya fi ci wa mutane rai, hawan nan ba sanarwa. A birni ko magini zai hau soro gyaran indararo sai ya ɗaga murya tukuna ya ce mata a kimtsa za a hau sama, don tsakar gidajenmu da makewayi a buɗe suke. Wanda ya hau bai faɗa ba, an san abin da ya kai shi. Ga shi kuma tun farkon hawan nasu aka hango wani buhun algarara a ɗaure cikin rassa, a shimfiɗe kamar labule, ta ɓangaren gidanmu. Daga ƙasa ganye ya rufe, gefenshi kaɗai ake gani. Maƙwabcinmu na jikin katanga ya rantse ya ga huda biyu a jiki daidai idanu. Wani ya ce a nan suke ɓoye abin da suke sha. Wani ya ce jam'iyyar da ta faɗi zaɓe ce ta ajiye su suna ƙirga masu shiga da fita. An tambaye su, sun ce mota suke jira. Maƙwabcin ya ce, "Mota a kan bishiya? Yo ko jirgi ne."

Tsoho ya kore su da sanda, suka koma nesa suka tsaya, yana shiga gida suka dawo. Ya sa aka kwarara ruwa a gindin, suka zauna kan jakunkunansu. Ya jibge ƙaya jikin kututturen, washegari ya tarar an kwashe ta an tara a gefe tsaf, ko ɗaya ba a watsar ba. Wannan ma bai burge shi ba. Cewa ya yi, "Ɓarawon da ke share wuri shi ne abin tsoro."

Daga nan magana ta juyo kaina. Buhun gidanmu yake fuskanta, kuma budurwa ɗaya ce a gidan. Fiton nan sau da yawa yakan faɗo daidai lokacin da nake dawowa daga darasin yamma. Matar maƙwabcin ta ce ta gan ni na ɗaga kai na yi murmushi. Haba jama'a! Mutum na bisa bishiyar ƙofar gidanku, wa zai wuce bai ɗaga kai ba? An kuma tuno ranar da na zazzage wani cikinsu don ya miƙe ƙafa a hanya, aka ce ai faɗan sabo ne. Kafin mako ya zagayo, in na wuce majalisa sai a yi shiru, mata a gidan suna su bi ni da ido har in zauna.

Babana ma'aikacin sakatariya ne, mutum mai tsoron bakin duniya fiye da zazzaɓi. Ya kira ni gaban innata ya ce, "Daga gobe ba ke ba makaranta sai an gano gaskiya. In kau ta tabbata, kin gama ke nan." Jarrabawar shiga aji shida na gabana, wadda in ta wuce ka ta wuce. Na yi rantsuwa, na yi kuka, na faɗi maganganun da suka sa innata ta rufe mani baki da tafin hannu. Aka rataye rigar makarantata a ƙusa, kullum ina kallonta.

Na tafi wurin Tsoho, don a duniya ba wanda nake yi wa rashin kunya ya ji daɗi kamarshi. Na ce, "Tsoho, har da kai?" Bai ɗago ba. Ya ce, "Ban ce kin yi ba. Ban ce ba ki yi ba. Ban duba ba." Kuma ya kira ni da sunana na yanka, ba Mai-baki ba. Wallahi duk abin da unguwa ta faɗa bai yi mani ciwo kamar wannan ba. Na fita ina cewa a raina wannan tsoho ba zuciya a ƙirjinshi, mudu ne.

Muna da sabon kansila a lokacin, ɗan unguwa ne, da can kayan gyaran babur yake sayarwa. Yana neman abin da zai nuna ya fara aiki, sai ga wannan. Ranar wata Alhamis bayan la'asar ya zo da mai unguwa da liman da wasu majiya ƙarfi riƙe da gatura. Aka ritsa yaran gindin tsamiya aka zaunar da su a ƙasa. Shawarar da aka yanke ita ce a sare bishiyar, a kai sunayen yaran wurin shugaban makarantarsu a kore su. Ni ba a ambace ni ba, amma kowa ya san in tsamiya ta faɗi da wannan dalili, karatuna ya faɗi tare da ita. Ina maƙale bayan ƙyauren zaure ina jin komai.

Tsoho ya fito ya ce, "Ubana ya dasa ta. Ba mai sa mata ƙarfe sai na ga abin da ake gani daga bisa."

Kansila ya ce, "Gaskiya ne, Baba. Bari a sa yaro ya hau ya gano."

"In aiki wa? In ya sauko ya ce ba a ganin komi, ku ce ya rufa ma 'yan uwanshi. In ya ce ana gani, to ni da kaina na aiki ƙato ya leƙa mani gida ke nan. A kawo tsani."

Aka ɗauka wasa yake. Babana ya durƙusa yana cewa, "Baba, don Allah, da shekarunka?" Liman ya sa baki, mai unguwa ya sa baki. Tsoho ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa babana, ya ɗaure bakin wando, ya jijjiga tsanin da aka aro wurin magini, ya bi matakan ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa da hannu. Sannan ya ja baya ya buɗe murya yadda duk lungun zai ji: "Mata a kimtsa, za a hau sama!" Na ji wani cikin yaran ya tambayi na kusa da shi a hankali wai da wa ake. Ashe ba su ma san ana faɗa ba. A garinsu bishiyar hawa a gona take, ba a bayan makewayin kowa ba.

Na ruga cikin gida na tsaya bakin ƙofar innata, don daga nan ake hango gefen buhun. An daɗe ba abin da ke motsi sai ganye. Can na ga buhun ya ɗaga, fuskar Tsoho ta bayyana, ba hula, gemunshi duk ganyen tsamiya. Na tsaya ƙyam don ya gan ni, ya ga ba abin da nake ɓoyewa. Ko kallona bai yi ba. Idonshi na can hagu, ya kafe shi wuri ɗaya ya daɗe, har na fara tsoron ko jiri ne ya kama shi. Sannan ya sauke buhun a hankali, na ga hannunshi yana ƙara ɗaure igiyar.

Ina komawa zaure na ji muryarshi daga sama: "Kai 'yan ƙauye! Wata akwalar a-kori-kura mai shuɗin ƙyaure, da buhuna a baya, taku ce?" Suka ce tasu ce. "To ga ta can ta doso ƙofa. Ku tashi!" Yaran suka kalli kansila, suka kalli masu gatura. Tsoho ya daka tsawa: "Da ku nike! In ta wuce uban wa zai kai ku?" Suka zuba a guje, silifa na tashi. Nan ne mutane suka fahimci motar da ke kawo kaya kasuwa daga ƙauyensu ce ke maida su, ba ta da lokaci, ba ta jira, kuma ganuwa ta tare titin, daga lungu ba a ganinta. Bakin titin kuwa ko inuwar sanda babu.

Wajen saukowa ƙafarshi ta zame a matakin ƙarshe, ya zauna da ƙugu. Daga ranar ya fara ɗingishin da jikoki ke kwaikwaya, kuma har ya koma ga Allah yana zargin maginin da ba shi tsanin da ya fi lalacewa. Yana zaune a ƙasa, ya ƙi a ɗaga shi, ya ce, "Wanda ya zauna a reshen can titi shike kallo. Buhun ba huda ko ta allura. Inda ya yage an yi mashi maho da yadin rigar makaranta."

Maƙwabcin ya ce, "To in ba leƙe suke ba, mi ya sa suka ɗaura shi?"

"Hau ka tambaye shi, ga tsani nan." Ya juya ga kansila. "Gida ɗaya ne bayan buhun can, nawa. In da mai ƙara, ni ne. Ban kawo ba. Ku kwashe gaturanku." Sai ya kalli babana. "Gobe Mai-baki za ta makaranta."

Na shiga da dare kai mashi ruwan zafi na gashi, ina ta washe baki. Ya ce, "Rufe haƙoran. Kar ki ɗauka na yarda da ke, na dai duba." Na ce, "Tsoho mai ran ƙarfe, Allah ya sa ƙugun ya yi wata bai warke ba." Ya ce ai ya san addu'ata ba ta wuce rufin ɗaki. A nan na san mun shirya.

Unguwa ba ta daina zargi ba, kar in yi ƙarya. Wasu sun ce kansila ya tsorata ne, wasu sun ce tsohon ya rufa wa jikarshi asiri. 'Yan birni suka ci gaba da ƙwallonsu, liman ya ci gaba da faɗa. Amma bayan kwana kaɗan Tsoho ya sa aka kafa randa gindin tsamiya da moɗa a kai. Da aka yaba mashi sai ya ɓata rai ya ce don kar su fake da roƙon ruwa su koyi hanyar cikin gida ne. Ya koya masu sanarwar hawa, suna yi muryarsu na rawa, mata na dariya a ɗaka. Duk damina in ta wuce ya ɗauko sabon buhu daga rumfarshi ya jefa masu, ya ce wancan ya ruɓe, yana ɓata mashi bishiya. Iya ta rasu ina shekarar farko a makarantar koyon jinya. An yi kwalta zuwa ƙauyukan, motoci suka yawaita, yaran suka daina zama. Ni kuma na zama abin da nake so, yau shekaru ina aiki a asibiti.

Wannan shi ne labarin da na sani, kuma da shi na zauna zaman makoki. Sai ga babana ya aiko a kira ni zaure, wai baƙon nan na gindin tsamiya ya ce yana son ya yi wa jikar marigayi gaisuwa. Na ja mayafi na fita da shirin faɗa, don in filin ya zo tayawa zai ji abin da ya sa ake ce mani Mai-baki.

Mutum ne kamar sa'ana, da furfura kaɗan a gemu. Ya durƙusa har ƙasa. Bayan an gama gaisuwa ya ce, "Hajiya, ba ki san ni ba. Ina cikin yaran da aka zaunar a ƙasa ranar nan. Mun ja maki magana, ba mu taɓa samun ba ki haƙuri ba."

Na ce ya wuce. Amma tun da ga shi Allah ya kawo, sai na yi tambayar da ta daɗe a raina. "Malam, wa ya ɗaura buhun?"

"Ni ne. Ni na fara hawa. Rana ɗaya na hau ba buhu, na sauko ban jira motar ba. Na hana kowa hawa, washegari na ɗauko buhu a rumbun babana muka ɗaura."

"Mi ka gani?"

Ya sunkuyar da kai yana murza hularshi. "Marigayi ma ya yi mani wannan tambayar. Washegarin ranar da ya hau, ya sa aka nuna mashi ni, ya ja ni bayan masallaci yana dogara sanda. Ya ce, mi ka gani? Na ce, Baba, ban ga komi ba. Ya daɗe shina kallona. Sai ya ce, ƙarya kake. Allah ya yi maka albarka."

Babana da ke zaune gefe ya ce, "Ikon Allah. To mi ka gani ɗin?"

"Ban ga komi ba, Alhaji." Har ya miƙe zai tafi, sai ya juyo ya tambaya a hankali, "Ita tsohuwar, ta daɗe bayan nan?"

Ba wanda ya taɓa ce mashi akwai tsohuwa a gidan. Iya ba ta sake taka ƙofar gida ba tun ranar da ta faɗi.

Na juya na koma cikin gida. Na wuce mata a tsakar gida, na shiga lungun bayan ɗakin Iya, wurin rariya. Ƙusar gajeriyar igiyar na nan a bango. Na ɗaga kai. Daga ƙasa ganye ne kawai, shi ya sa Tsoho da duk bincikenshi ya ɗauka lungun a rufe yake. Na sama shi ke ganin komai. Nan ne hagun da ya kafa wa ido ranar da ya ɗaga buhun. Yaron nan ya hau neman mota, ya ga dattijo goye da matarshi, ya ga abin da Iya ta gwammace ta mutu da surukarta ta gani. Bai faɗa wa abokanshi don dariya ba, bai faɗa ba ranar da aka zaunar da shi gaban gatura za a kore shi daga makaranta, alhali kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Mutumin da bai yarda da kowa ba ya hau bishiya ya tarar yaran da yake kora da sanda su ke tsare mashi mutuncin matarshi wata da watanni, ba wanda ya sa su.

A nan na zauna, kan dutsen da yake zaunar da ita, kukan da na yi kwanaki ina nema ya zo gaba ɗaya, har goggona ta rugo tana tambaya ko wani abu aka faɗa mani. Na ce mata ba komi.

Tsoho, ka hau domina, na gode, ko da ba ka yarda da ni ba sai da ka duba. Allah ya haɗa ka da Iya a inda ba ciwo, ya yafe maka zargin da ka yi wa bayinshi. Yadda ka rufa mata asiri, yadda 'ya'yan mutane suka rufa maka, Allah ya rufa maka naka ranar da za a zazzage kowane buhu har gindi.